Bindiga Ɗaya ta Barend Klazen

Bindiga ɗaya mahaifina ya riƙe tun kafin a haife ni har ya tsufa, kuma duk wanda ya san Barend Klazen a gabashin Kalkrand ya san wannan kafin ya san sunan gonarsa. Makiyayin tumaki ne kamar kowa a yankinmu. Ba shi da wani muƙami, ko a coci ma bencin baya yake zama don ya riga mutane fita. Amma in mutum zai sayi bindigar farauta, sai ka ji an ce masa, "Ka je wurin Kawu Barend tukuna." Ni Sanna, 'yarsa ta fari, na girma ina ganin motoci suna tsayawa a ƙofar gidanmu saboda wannan. Ni ce kuma nake tare da shi ranar da abin da yake yi wa mutane ya zagayo kansa, ya zama dole a san ko shi ma lokacin ajiye bindigarsa ya yi.

Ba da ita ya fara ba. Da ya auri mahaifiyata, Dorie, abin da ya gada daga kakanmu wata tsohuwar bindiga ce tun ta zamanin Jamusawa, mai faɗin baki, wadda ake kira Tara saboda lambarta. Don manyan namun daji aka yi ta, irin su ɓauna, a lokacin da ake samun su. In ka harba ta, rabin dukan kafaɗarka take mayar wa. Baba a lokacin yana ji da ƙarfi, kuma yana ganin namiji ba ya kukan kafaɗa. Da ita yake harbin komai: dilan da ke cin 'yan raguna, barewar da za a sa a tukunya, da mariri, babban naman dajin nan mai dogayen ƙahoni, wanda ake yanyankawa a shanya a lokacin sanyi don a ci har shekara ta zagayo. Mama ta ce in Tara ta sami barewa a kafaɗa, rabin naman karnuka ake zuba wa. Sau da yawa kuma ba ta samun komai, sai Baba ya dawo ya ce iska ce, ko rana ce ta shiga masa ido.

Wata shekara ya harbi mariri, ya ga ya zabura ya ruga. Ya bi sawu kaɗan, bai ga jinin kirki ba, ya ce kuskure ya yi, ya koma gida. Bayan kwanaki ya je duba kwamin da tumaki ke shan ruwa a gindin famfon iska, sai ya tarar da maririn a tsaye, ya tsoma baki a ruwa. Harsashin ya farfasa masa muƙamuƙin ƙasa, yana reto, ƙudaje sun baibaye shi. Ga ruwa har hanci, babu halin sha. Da ya ga mutum ko motsawa bai yi ba. Baba ya ƙarasa shi a wurin. Sau ɗaya ya taɓa ba ni wannan labari da bakinsa, kuma bai dube ni ba yana bayarwa.

Sauran labarin a bakin Mama na ji, ita kuwa ba ta gajiya da shi. Baba ya dage cewa bindigar ce ta karkace. Ya ɗauki tsohon gwangwanin kananzir ya kafa a jikin tudun yashi, ya kwanta rub da ciki zai gwada. Mama tana zaune a kan keken jaki tana kallo. Ba gwangwanin take kallo ba, fuskar mijinta take kallo.

"Barend, kawo in ɗura maka," in ji ta. "Kai dai gyara kwanciya."

Ta karɓa, ta juya masa baya, ta ja sakata ta mayar, ta miƙa masa. Ya auna, ya auna, ya ja kunama. Sai aka ji ƙyas, babu komai a ciki. Amma Baba ya riga ya runtse ido biyu, ya yage baki, ya tura kafaɗa gaba har bakin bindigar ya soki yashi. Mama ta ce ta yi dariya har sai da ta riƙe ƙafar keken.

"Dorie, wane irin wasa ne wannan?"

"Ni na yi wasa? Wa kake harbi ido a rufe, maigida? Ni dai na ga mutum yana addu'a."

Ranar bai ci abincinta ba. Washegari da safe, tana gasa burodi a kan garwashi, ya zo ya tsaya a kanta ya ce, "Duka biyun na rufe?" Ta ce duka biyun. Bai sake harba Tara ba.

Talaka ne mai sabon aure, ba shi da halin tara bindigogi, ta dila daban, ta barewa daban, ta mariri daban. Guda ɗaya zai iya riƙewa, dole kuma ta yi masa duka. Ya shafe watanni yana bin maƙwabta, yana aron nasu yana gwadawa, Mama tana biye da shi tana ɗura masa, wani lokaci da harsashi, wani lokaci fanko. Daga ƙarshe ya yi musayar Tara da wani mutum da zai tafi aiki arewa, inda har yanzu ake da manyan dabbobi. Ya karɓi wata siririyar bindiga mai lamba bakwai da hamsin da bakwai. A gidanmu Bakwai kawai muke ce mata, kamar sunan mutum.

Na ji shi yana bayanin wannan zaɓi har na haddace. Yakan zauna a baranda da kofin kofi, baƙo yana gabansa yana lissafa lambobin bindigogin da ya ji ana yabo, talatin-sifili-shida, uku-sifili-takwas, wannan da wancan. Baba sai ya bar shi ya gama.

"Duk masu kyau ne," zai ce. "Ƙaramin harsashi mai gudu yana da daɗi a kan dila da barewa. Amma ka kai shi kafaɗar mariri, fata mai kauri, ƙashi mai tauri, sai ya tarwatse a waje, dabba ta tafi da ciwo. Babba kuma ya huda mariri ya wuce, amma ya mayar maka da barewa dambu, kai ma ya bar ka da tsoro. Ka nemi na tsakiya, wanda zai shiga ya isa huhu, wanda kuma ba za ka ji shakkarsa ba. Nawa Bakwai ne. Naka ban sani ba, sai na ga idonka."

Ko harsashin ma iri ɗaya yake saye, mai nauyi ɗaya, shekara da shekaru. In kantin manoma ba su da shi, gara ya jira. Ya ce mai sauya harsashi kullum baƙo ne a wurin bindigarsa, ba ya sanin inda za ta sauke shi in nisa ya ƙaru. Shi kuwa ya san tasa kamar yadda ya san hanyar garkensa. Kuma yana da dokoki biyu da ba a taɓa su. In an fita farauta, bindiga ɗaya ce ke shiga mota, domin in biyu ne kowa sai ya yi sakaci yana dogaro da ɗan'uwansa. Sannan wanda ya raunata dabba shi zai bi ta, shi zai ƙarasa ta da hannunsa, ko da zai kwana a kan sawu. Mutumin da ya bar wani ya ƙarasa masa, Baba ba ya ƙara fita da shi.

Bayan garke akwai wani tsohon tebur da buhun yashi a kai. Nan ake ganin ido. Baƙo ya zauna da bindigar da yake sha'awa, Baba ya karɓa ya juya baya, ya ɗura ko kada ya ɗura, ya miƙa. Sai ya tsuguna a gefe ya zuba wa fuskar mutum ido. In da harsashi, ƙara da girgiza sukan ɓoye komai. In fanko ce kuwa, babu inda mutum zai ɓuya. Na ga ƙarti masu gemu sun tashi daga teburin nan suna sosa ƙeya.

Wanda ya fi ba mu dariya shi ne Kawu Stoffel Mouton, abokin Baba tun suna yara, mai gonar da ke yamma da mu. Shi kabad guda gare shi cike da bindigogi, kowace da labarinta. Wata rana ya zo da sabuwa, uku-bakwai-biyar, yana shafa ta kamar amarya.

"Barend, wannan ita ce ƙarshen magana. Daga zomo har giwa."

"Giwaye nawa ne a gonarka, Stoffel?"

"Kai dai baƙin ciki kake yi. Ka zauna da tsinken nan naka."

"To zauna mu gani."

Ya zauna, Baba ya miƙa masa fanko. Da ya ja kunama sai da hularsa ta faɗi, buhun yashin ya zame daga tebur. Ya miƙe yana murza ido.

"Ƙuda ne! Wallahi ƙuda ne ya faɗa mini a ido. Wannan garken naka, Barend, ka riƙa share shi mana."

"Ƙuda biyu ne, ɗaya a kowane ido," in ji Mama daga bakin ƙofa.

Har yau Kawu Stoffel bai yarda ba. Amma na lura in zai fita neman nama da gaske, ba amaryar yake ɗauka ba.

Ba duka ne abin dariya ba, kuma ba zan yi wa mahaifina kwalliya ba: mutum ne mai tsauri, bakinsa ba ya zagaye. Matashi in ya rufe ido, Baba sai ya ce a rage masa bindiga, ya sauka zuwa ƙarama har ya saba. Tsoho kuwa, wanda ya yi shekaru yana harbi lafiya sannan ya fara rufewa, maganarsa daban ce. Akwai wani dattijo, Kawu Jafta, wanda a ƙuruciyarsa babu kamarsa a harbi a duk yankin. Ya zo yana cewa madubin hangen bindigarsa ne ya goce. Baba ya gwada shi, ya ga abin da ya gani, ya ce masa a gaban 'ya'yansa, "Kawu, ba madubi ba ne. Ka rataye ta haka nan." Dattijon ya tashi bai shanye kofinsa ba, kuma har ya rasu bai sake tako gidanmu ba.

Ranar na yi wa Baba tsiwa. Na riga na yi aure a lokacin, ina ganin na isa.

"Baba, da kun ja shi gefe mana. Mutum sa'an mahaifinku! Ko ku ce ya koma ƙarama."

"Tsoho in ya fara rufe ido, ba girman bindiga ba ne. Jikinsa ne ya gaji da duka. Ki ba shi ƙarama, gobe ita ma ya rufe mata."

"To ai da tausayi."

"Ina da tausayi, Sanna. Na wanda ke tsaye a bakin kwami."

Ban huce ba. Na daɗe ina ganin a maganar nan akwai gaskiya, akwai kuma girman kan mutumin da bai taɓa zaton abin zai zo kansa ba.

Mama ta rasu, mijina ma ya bi ta ba da jimawa ba, sai na tattaro na dawo gona, ni da Baba. Ni ke fama da diloli da 'yar ƙaramar bindigata, biyu-huɗu-uku, wadda shi ya zaɓa mini tun ina budurwa. Bakwai kuwa ban taɓa harba ta ba. Babu wanda ya taɓa, in ba shi ba. Shi ke goge ta, shi ke ɗaukar ta, ko a mota a kan cinyarsa take tafiya in ni ke tuƙi.

Sai ya faɗo daga famfon iska. Na hana shi hawa, na ce a kira mai gyara, ya ce famfon da ya kafa da hannunsa ba zai kira wani yaro ya taɓa masa ba. Ƙashin wuyansa na dama ya karye, daidai inda gindin bindiga ke zama. Ya warke, amma a karkace. Bai taɓa cewa yana masa ciwo ba. Ni dai na ga yana sa riga da dabara, hannun dama tukuna. Da sanyi ya zagayo ya fita neman barewa shi kaɗai, ina shanya wanki na ji ƙara, can kuma na ji wata. Baba bai saba harbi biyu a kan dabba ɗaya ba. Ya dawo da barewar, ya ce iska ce. Da na ji kalmar, na san daga wane labari ta fito.

Shekarar da ta biyo, a watan Yuni, tsakiyar sanyi a wajenmu, ya ce mu je mu samo mariri, ƙugiyoyin shanya nama sun daɗe a wofi. Muka fita da sassafe a a-kori-kura, ni a sitiyari, ciyawa duk ta yi fari da sanyi. Na bar tawa bindigar a gida kamar yadda doka ta ce. Muka ajiye mota a gindin tudu muka hau da ƙafa. Ga garken mariri can a kwarin da ke tsakanin tudu biyu, suna kiwo. Baba ya zaɓi wani namiji da ya ware gefe, ya kwanta, ya ɗora bindiga a kan hularsa. Nisan ba wani abu ba ne, ya sha kayar da wanda ya ninka shi. Ya harba. Garken ya watse, namijin ya durƙusa, ya miƙe, ya bi su yana ɗingishi, ƙafar gaba tana lilo.

Muka sauka inda ya tsaya. Ga jini kaɗan, ga guntun ƙashi fari a kan yashi. Ba jinin huhu mai kumfa ba ne. Harsashin ya yi ƙasa, ya karya ƙafa. Baba ya ɗauki guntun ƙashin ya juya shi a tafin hannu, ya sa a aljihu. Muka kama sawu, shi a gaba, ni a baya da gorar ruwa.

Mariri mai ƙafa uku yana tafiya fiye da yadda mutum zai zata. Muka hau tudu muka sauka, muka sake hawa. Rana ta ɗaga, muka cire rigunan sanyi muka ɗaura a ƙugu. Baba yana tafe yana haki. Wajen tsakar rana sawun ya rabu da na garken, ya nufi wasu itatuwan ƙaya da ke can nesa a ƙarshen kwari. Duk mun san abin da hakan ke nufi: ya gaji, zai kwanta a inuwa, ya juyo da ƙaho wajen wanda ke bin sa. Harbi na gaba dole ya zama na ƙarshe.

Baba ya tsaya a nan. Ya sha ruwa, ya goge baki. Sai ya tsinko wata gunar daji, ya taka ya ajiye ta a jikin tudu, ya dawo ya miƙo mini Bakwai tare da harsasan da ke aljihunsa.

"Juya baya. Ko ki sa ko kada ki sa. Kada ki gaya mini."

"Baba, ƙarar za ta kore shi."

"Ya riga ya san muna bayansa. Ba inda za shi. Juya."

Na juya. Na ɗora hannu a kan sakatar. Na san in na sa harsashi, ƙara za ta rufa masa asiri, in ce ban ga komai ba, kuma ba ƙarya na yi ba. Na sa harsashi. Ya kwanta ya harba, yashi ya tashi ƙasa da gunar.

"Sake."

Na sake sa harsashi. Yashi ya sake tashi a ƙasa. Ya ɗago ya dube ni, kallon da yake yi mini tun ina yarinya in na ce na ƙirga tumaki alhali ban ƙirga ba.

"Sanna, uwarki ba ta tausaya mini ba. In tausayi ne ya dame ki, ga mai ƙafa uku can."

Na juya, na ja sakata na mayar a kan fanko. Ya san babu komai a ciki. Ni ma na san ya sani, ai shi ya ce in yi. Na miƙa masa, na tsuguna a gefensa inda shi yake tsugunawa a gefen mutane. Ya gyara gindin bindigar a kafaɗa, na ga ya ɗan cije. Ya ja numfashi, ya saki rabi, yadda ya koya wa rabin yankinmu. Yatsansa ya fara matsawa a hankali. Aka ji ƙyas. Idanunsa sun runtse, kafaɗarsa ta zabura gaba, bakin bindigar ya sunkuya.

Ya daɗe a kwance bai motsa ba. Iska tana kaɗa masa furfura.

"Me kika gani?"

"Kun rufe, Baba."

"Duka biyun?"

"Duka biyun."

Ya tashi zaune da ƙyar, ya kakkaɓe yashi daga gwiwar hannu.

"Da uwarki ce, da yanzu tana birgima."

"Ni ba na jin dariya."

"Ai ke kin biyo ni ne, ba ki yi sa'a ba."

Sai na shiga kawo masa dabaru, ni da na yi masa tsiwa a kan Kawu Jafta. Na ce a ɗinka masa matashi a kafaɗa. Na ce ya koyi harbi da hagu. Na ce ya karɓi tawa ƙaramar, ya riƙa harbin barewa da dila, ni in riƙa yin mariri. Yana ji yana kallon itatuwan ƙaya.

"Me na ce wa Jafta?"

"Baba, wannan daban."

"Ina bambancin? Don shi ba ubanki ba ne?" Ya juyo ya dube ni. "Da na ja shi gefe, kamar yadda kika ce. Wannan kam kin fi ni gaskiya. Amma maganar ita ce dai."

Ya karɓi harsasan daga hannuna, ya ɗura da kansa, ya goge madubin da bakin rigarsa. Na ɗauka tashi zai yi mu tafi. Sai ya miƙo mini ita da hannu biyu.

"A'a," na ce. "Ku kuka harbe shi, ku za ku ƙarasa. Dokarku ce."

"Don dabbar na yi dokar, ba don kaina ba. Karɓi."

"Ban taɓa harba ta ba."

"Ba ta cizo. Ta fi taki turi kaɗan, shi ke nan. A wannan nisa inda kika ɗora nan za ta sauka. Kada tozonsa ya ruɗe ki ki yi sama, zuciyar mariri a ƙasa take, a gaba. In yana kwance, ki jira ya miƙe."

Na karɓa. Ta fi yadda nake zato sauƙi, kuma itacen ya lotsa daidai inda babban yatsansa ke zama. Ya ɗauki gorar ruwa ya rataya.

"Kada ki gaya wa Stoffel," in ji shi. Muka yi 'yan taku, ya ce, "A'a, gaya masa. Ya daɗe yana jiran wannan rana, bawan Allah."

Muka zagaya ta inda iska ke busowa daga wajensa zuwa gare mu, ni a gaba yanzu, Baba a baya. Ina jin takunsa a yashi, kuma sau biyu na kusa tsayawa in ba shi hanya don sabo. Muka rarrafa zuwa bayan wani ɗan tudu. Ga shi can a inuwa, a kwance, dogayen ƙahonin nan a tsaye, fuskarsa mai baƙi da fari tana kallon hanyar da ya biyo. Na kwanta. Baba ya cire hularsa ya tura mini ƙarƙashin bindigar, ya tsuguna a gefena.

Muka jira. Ƙuda ya sauka a hannuna ya tashi. Can maririn ya ji wani abu, ya yunƙura, ya miƙe a kan ƙafa uku, ya ba ni gefe. Na bi ƙafar gaba da ido na hau kaɗan, na ja numfashi na saki rabi. Bakwai ta tura ni a kafaɗa. A cikin madubin na ga ƙura ta tashi a jikinsa daidai inda na ɗora, na ga ya yi taku biyu ya kife, ƙahonsa ya kafe a yashi. Bai sake motsi ba.

"Ya faɗi, Baba! Kun gani?"

Na juyo. Bai gani ba. Ko kallon wajen itatuwan bai yi ba. Yana tsugune, ya dafa gwiwa, ya zuba wa fuskata ido, nasa idanun sun cika da ruwa amma a buɗe suke tar.

"Ba ki rufe ba," in ji shi.

Na miƙe, na cire kwanson, na juya bindigar na miƙa masa ta gindi, yadda ake mayar wa mai abu abinsa. Ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya kakkaɓe ta, ya sa. Sannan ya gyara igiyar gorar ruwa a kafaɗarsa ta hagu, ya zare wuƙar fiɗa daga ƙugu.

"Riƙe ta da kyau, kada yashi ya shiga bakin," ya ce. "Mu je, nama ba ya son rana."